Kare Tsofaffinmu Daga Mura Mai Tsanani



Mura mai tsanani ba irin murar da muka saba da ita ba ce. Tana zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki da tari, kuma takan rikiɗe ta zama ciwon huhu ga tsoho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara.

Ta ina take shiga gida? A Ingila, inda ake da gidajen kula da tsofaffi, ana kwaɗaitar da ma'aikatan gidajen su yi rigakafi, domin garkuwar jikin tsoho ta yi rauni. A wurinmu kuwa, masu kula da tsoho su ne 'ya'yansa da surukansa da jikokinsa. Tarin jika ɗaya ya isa ya kwantar da kaka.

Abin da ya kamata a yi:

1. Mai jinyar tsoho ya nemi bayanin allurar mura a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ana sabunta ta kowace shekara, kuma sai bayan mako 2 take fara aiki.

2. A kai jarirai allurar ciwon huhu a mako na 6, 10 da 14. Kyauta ce, kuma tana rage yaɗuwar cutar zuwa ga manya.

3. Mai tari ya rufe baki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ba tsoho abinci.

Malamai, ku tunatar da jama'a a masallatai cewa kare lafiyar iyaye na cikin kyautata musu. Rigakafi ya fi magani.