Shunayyar da Ke Gefen Fuskar Kirinjijiya

Tambaya: Ina zuwa madatsar ruwa ta Doma ɗaukar hoton kirinjijiya, amma kullum sai in ga wani siririn layi, shunayya ko kore, ya zagaye farar fuskarsu. Kyamarar ce ta lalace? Mai karatu daga Lafiya.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, kyamararka kalau take. Aikin gilashin gabanta ne: ba ya tara launukan haske a wuri guda, sai su ɗan zame a inda fari ya haɗu da baƙi. Kirinjijiya kuwa fuskarta fara ce, ƙeyarta baƙa, ga ruwa yana ƙyalli a bayanta.

Ka yi sammako, rana na bayanka. Ka rage buɗin gilashin zuwa f/8, kada ka bari farin ya ƙone, ka ɗauka a tsarin RAW. Wajen gyaran hoton, a manhajar Lightroom ka kunna Remove Chromatic Aberration, abin da ya saura ka bi shi da Defringe, amma da sassauci, don in ka cika hannu gefen gashin zai koma toka-toka. In kuɗin Lightroom ya yi maka yawa, RawTherapee kyauta ce kuma tana wannan gyaran.