Idan Yaro Ya Ce Miya Salam Ce

Iyayenmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ba kowane ƙin cin abinci ne shagwaɓa ba. Mura, ciwon kunne, ƙurajen baki, ƙarancin sinadarin zinc ko maganin Flagyl kan dagula ɗanɗanon yaro.

Ku gwada a gida: ruwan sukari, na gishiri, na tsamiya da na shuwaka, kowanne a kofinsa. Yaron ya rufe ido, a ɗiga masa a harshe, ya kurkure baki tsakani, ya faɗi abin da ya ji.

In ya kasa bambancewa bayan mura ta warke, ko yana ramewa, ku kai shi asibiti mafi kusa. In ta kama, za a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.