Yadda Ake Rage Saƙonnin Ƙarya Daga Kyamarar Tsaron Gida

Kyamarar da ke turo saƙo a waya ba dare ba rana ƙarshenta sananne ne: mai gida zai gaji ya kashe ƙarar sanarwar, daga nan ko ɓarawo ya hauro katanga wayar ba za ta ce uffan ba. Da yawa kuma da zarar abin ya ishe su, sai su sauke ƙarfin jin motsin kyamarar har ƙasa. A ganina wannan ne ya kamata ya zo kusan ƙarshe, domin yana kawar da saƙon ƙarya da na gaskiya gaba ɗaya. Ga tsarin da ya fi.

Fara da gano mai tayar da ita. Buɗe manhajar kyamarar ka kalli bidiyon da ta ajiye na kwana 2 ko 3, kana lura da lokaci da abin da ya gifta. Yawanci abubuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa: reshen darbejiya da inuwarsa bayan la'asar, fitilar babur, ƙadangare a kan katanga, kayan shanya da iska ke kaɗawa.

Sai ka san irin kyamararka, don maganin ya bambanta. Mafi yawan waɗanda ake jona wa wuta kai tsaye suna kwatanta hoton yanzu ne da wanda ya gabace shi, idan wani sashe ya canza sai su ce motsi ne. Irin wannan ba ruwanta da ko mutum ne ko inuwa. Masu batir ko sola kuwa galibi suna da ƙwayar jin ɗumi a kusa da gilashin. Inuwa ba ta cika damun su ba, amma injin mota mai zafi, akuya, hucin janareto da iskar da ke fita daga bayan na'urar sanyaya ɗaki duk suna tayar da su. Haka kuma sun fi jin wanda ya gitta ta gabansu a kan wanda ya nufo su kai tsaye, don haka a kafa su a gefen hanyar shigowa.

Mataki na gaba yana buƙatar tsani. Ɗaga kyamarar tsakanin mita 2 da rabi zuwa mita 3, ka sunkuyar da ita yadda titi da sararin sama za su fita daga hoton. Kada ta fuskanci gabas ko yamma, saboda fitowar rana da faɗuwarta. Kada a ajiye ta a bayan gilashin taga: ƙwayar jin ɗumi ba ta ji ta cikin gilashi, da dare kuma hasken kyamarar yakan dawo mata a ido. Ɗaure maƙalinta tamau, domin idan iska ta girgiza ta, hoton gaba ɗaya ne ke motsi. Sare reshen da ya shigo gabanta, ka matsar da igiyar shanya. Tun da kana sama, duba ko tana leƙa tsakar gidan maƙwabta. Idan haka ne juya ta, wannan haƙƙinsu ne, kuma zirga-zirgar iyalinsu ma saƙo ce a wayarka.

Dare ne ya fi wahala. Kyamara na gani cikin duhu ne da wasu ƙananan fitilu da ke kusa da gilashinta, waɗanda idon mutum ba ya ganin haskensu sai ɗan ja-ja. Duk ƙaramin abin da ya zo dab da su yakan fito fari fat a hoto, ya cika fuskar wayar. Ƙwaro ɗaya ya isa. A farkon damina shinge na iya hana ka barci, gizo-gizo kuma yana son yin saƙa a wurin, zare ɗaya da iska ke lilo da shi zai yi ta turo saƙo har asuba. Ƙurar hunturu da yayyafi su ma haka suke ƙyalli. Ka riƙa share kewayen kyamarar duk mako, ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne ka kashe fitilun kyamarar daga cikin manhaja, ka kafa wata fitila daban nesa da ita da mita 2 ko 3 tana haska wurin. Ƙwarin za su koma can. Gara ta sola, domin idan fitilar waje ta mutu saboda ɗauke wuta, kyamarar na juyawa daga hoto mai launi zuwa baƙi da fari, wannan juyin kansa kan zama saƙo.

Yanzu koma cikin manhaja. Yawancinsu suna bari ka zana yankin da kake son a sa wa ido. Zana ƙofar gida, saman katanga da tagogi, ka bar titi da bishiya a waje. Idan kyamarar tana iya bambance mutum da sauran abubuwa, kunna wannan. Hikvision na kiran nata AcuSense, da yawa daga kyamarorin Dahua, Tapo, Ezviz da Imou su ma suna da irinsa. Sai dai yana iya kuskure wanda ya duƙa ko wanda rabin jikinsa ya ɓuya, don haka inda manhajar ta ba da dama, bar kyamarar ta ci gaba da naɗar kowane motsi, saƙo kawai za ka taƙaita ga mutum. Ka saka mata lokaci kuma: kyamarar tsakar gida ba ta da dalilin kiranka da rana yara na wasa, daga bayan isha'i zuwa asuba ya wadatar.

Sai yanzu za ka taɓa ƙarfin jin motsi. Ajiye shi a tsakiya, ka riƙa saukewa mataki ɗaya-ɗaya, kana barin yini da kwana tsakanin kowane sauyi. Bayan kowane sauyi a gwada, kuma da dare. Sa wani ya sa tufafi masu duhu ya bi gindin katanga, sau ɗaya a miƙe, sau ɗaya a duƙe, sannan ya nufo ƙofa kai tsaye a hankali. Idan ko sau ɗaya wayar ta yi shiru, alama ce ka sauke shi da yawa, mayar da shi matakin baya.

Ka sake wannan gwaji idan damina ta kama da kuma idan hunturu ya shigo, da duk lokacin da manhajar ta sabunta kanta, domin wani sa'in saitin da ka yi yakan canza.