Yadda Ake Kai Iyali Kuranda a Wuni Ɗaya: Hawa a Jirgin Ƙasa, Sauka a Motar Igiya

Kuranda ƙauye ne a kan tudu cikin kurmin da ke bayan birnin Cairns, a jihar Queensland ta Ostireliya. Ana iya zuwa da mota, amma masu yara sun fi son su hau a jirgin ƙasa, su sauko a motar igiyar Skyrail. Wuni ɗaya ya isa, muddin an tsara shi tun daga gida.

Da farko ku yanke shawarar inda za ku ajiye mota, domin nan ne mutane da yawa ke shiga ruɗu. Jirgin yana tashi daga Cairns ko tashar Freshwater, ita kuwa motar igiya tana sauke mutane ne a Smithfield, can arewa da birni. Ke nan inda kuka hau ba nan za ku sauka ba. Ku sayi tikitin haɗe wanda ya ƙunshi bas mai mayar da ku wurin motarku, kuma ku saye shi kwanaki kafin tafiya, musamman lokacin hutun makarantu.

Na biyu, ku ɗauki jirgin farko na safe. A ganina hawa a jirgi ya fi, saboda yara suna da kuzari da safe, kuma tafiyar ta kusa awa biyu ce a kan layin kilomita 37. An fara shimfiɗa layin a 1886, aka buɗe shi a 1891, kuma da hannu ma'aikata suka haƙa ramuka 15 cikin duwatsu. Ku sa yara su riƙa ƙirga su. Duk sanda duhu ya rufe tarago za ku ji ihunsu. Taragon na katako ne irin na da, babu na'urar sanyaya ɗaki, sai iskar taga, don haka ku riƙe ruwan sha. A gadar Stoney Creek jirgin yakan rage gudu, magangarar ruwa na zuba dab da taga. Daga nan sai tsayawar 'yan mintuna a magangarar ruwa ta Barron Falls, wadda mutanen Djabugay, masu ƙasar tun asali, ke kira Din Din. Da damina, daga Disamba zuwa Afrilu, ruwan yana ruri har ya tashi kamar hayaƙi. Da rani kuwa ɗan siriri ne, domin ana karkatar da wani kaso zuwa tashar wutar lantarki.

Na uku, da kun isa ƙauyen kada ku ce sai kun ga komai. Ku zaɓi wuri ɗaya, ko biyu in yaran sun tasa: gidan malam-buɗe-littafi, inda shuɗin nan mai suna Ulysses kan sauka a kan riga mai launi, ko Birdworld, ko Koala Gardens. Sannan ku zaga kasuwa, wadda ke ci tun 1978. 'Yan kasuwar kan fara kwashe kaya tun kafin la'asar ta yi nisa, saboda haka sayayya kafin cin abinci. Ku zo da guzuri da dadduma, azahar a nan za ta same ku. In kun bi hanyar kurmi, ku hana yara taɓa ganye. Akwai wata bishiya mai faffaɗan ganye da ƙaiƙayinta kan daɗe a jiki.

Na huɗu, saukowa. Tashar Skyrail tana kusa da tashar jirgi. An buɗe ta a 1995, tsawonta kilomita 7.5, kowane akwati na ɗaukar mutum shida. Da jirgi mai saukar ungulu aka kai yawancin ginshiƙanta don kada a sare kurmin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1988. Ku sauka a tashoshi biyu na tsakiya, Barron Falls da Red Peak, ku taka hanyar katako ƙarƙashin manyan itatuwa. Da tsayawar duka, ku ware awa ɗaya da rabi.

In akwai mai tsoron tsayi, ku zaunar da shi kusa da babba, kuma ku bar akwati mai daɓen gilashi ga masu ƙarfin zuciya. Ku duba lokacin bas ɗinku a Smithfield kafin ku baro Kuranda.