Darasi Na 12: Robar Mota Ta Koɗe

Ku dubi motocin haya da Keke Napep a Limawa. Baƙar robar jikinsu ta koma ruwan toka. Ranar Dutse ce ta ci ta. In an ƙyale ta, sai ta tsattsage, sabuwa kuwa tsada gare ta.

Ga magani. A wanke ta da sabulu. A bari ta bushe sarai. Sa'an nan a ɗiga man goge roba a tsumma mai laushi, a shafa, a goge.

Kada a shafa baƙin mai, ƙurar hunturu yake kamawa. Man birki kuma yana cin fenti.

A riƙa ajiye mota a inuwa. Rigakafi ya fi magani.

Tambaya: Me ya sa roba ke koɗewa?