A Wace Shekara Aka Haifi Yesu?

Littafi Mai Tsarki bai faɗi shekarar ba, amma ya bar mana sawu. Bari mu bi shi.

Matta sura 2 ta nuna an haifi Yesu a Baitalami, Hirudus yana sarauta. Yawancin masana tarihi kuwa sun ce Hirudus ya mutu shekara 4 kafin miladiyya. Yaran da ya sa aka kashe kuma, masu shekara 2 ne zuwa ƙasa. Ashe haihuwar ta auku wajen shekara 6 zuwa 4 kafin miladiyya.

Kada wannan ya dame mu. Wani sufi, Diyonisiyus, shi ya tsara lissafin shekarunmu a 525, ya kuskure kaɗan. Kuskuren na kalanda ne, ba na Linjila ba.

Tambaya: Yaya Luka 3:1, 23 ya taimake mu?