Ta ina za ka fara kallon fina-finan Istoniya?

Masu jin yaren Istoniya ba su wuce miliyan ɗaya da ɗoriya ba, don haka kafin ka sauke fim ɗinsu, tabbatar yana da rubutacciyar fassara a ƙasan allo.

Fara da "Tõde ja õigus" na Tanel Toom, wanda ya fito a 2019. Labarin manomi Andres ne, da ya sayi gona mai fadama, ya haɗu da hatsabibin maƙwabci Pearu, suka shafe shekaru suna shari'a a kan iyaka da magudanar ruwa, har taurin kai ya cinye Andres ɗin kansa. Ya haura awa biyu da rabi, kuma tafiyarsa a hankali take. Kada ka kunna shi kana gyangyaɗi.

Daga nan sai "Risttuules" na 2014, kan mutanen da Tarayyar Sobiyet ta kwashe zuwa Saiberiya a watan Yunin 1941. 'Yan wasan na tsaye cik kamar gumaka, kyamara ce kaɗai ke ratsa tsakaninsu. A ganina ya fi sauran ratsa zuciya.

Idan fim na gaskiya kake so, ba na wasan kwaikwayo ba, akwai "Linnutee tuuled" na 1977, aikin Lennart Meri wanda ya zama shugaban ƙasa a 1992. Shi kuwa "Savvusanna sõsarad" na Anna Hints, da ya ci kyauta a bikin fina-finai na Sundance a 2023, mata ne tsirara a ɗakin surace suna amayar da damuwarsu. Ba na kallo a gaban yara ba ne.